Ruwan Tulun Gwaggo Tala

A Sae Sabuwa, in ka tambayi gidan Zainabu matar Sha'aibu mai jakuna, sai an tsaya tunani. Ka ce Tala, ko yaro ya nuna maka. Ƙanwar babana ce. Har ta koma ga Allah akwai matan garin da ke ce mata mara kunya a bayan ido, kuma dalilinsu guda ne. Duk watan azumi, da rana ta take, sai ta ɗauki gorar ruwa ta bi gidajen da ta san akwai amarya mai ciki, ta yi sallama, ta tsaya gaban uwar miji da kowa ta ce, "Ke, ciki gare ki. Sha." Ita kuwa bakinta a bushe, don azumi bai taɓa wuce ta ba sai da lalura. Masu zaginta wasu ba su san mafarin abin ba, wasu sun sani sun fi so a manta. Ni daga bakinta na ji, guntu-guntu, wajen ɓarar gujiya.

Mu jikokin anna ne, waɗanda wasu ke cewa arna, kuma ba na ɓoyewa. Kakana Barmo yana da tunga a kan hanyar Cadakori, gida babba, rumbuna cike, ba a salla, ba a azumi. In damina ta gabato ya yanka jan zakara a bakin gona, in an yi girbi kakata Tata ta dafa giya a sha. Tala ce autarsu, ita ke kai ƙuli-ƙuli da man gujiya kasuwar Cadakori.

Shekarun nan ne Nasara ke shirin naɗe kayansu. An yi ƙuri'ar i ko a'a, maza ba su da zance sai na mulkin kai da kuɗin gujiya. A kasuwar ta haɗu da Sha'aibu, mai kai buhuna Maradi a kan jakuna. Ba wanda ya yi mata dole. Ta ce mini tun kafin shi ma, in azahar ta yi ta ga maza sun jeru a gefen kasuwa, sun duƙa tare sun ɗago tare, sai ta tsaya kallo har mai ciniki ya gaji ya wuce. Da ta gaya wa Barmo za ta musulunta, bai hana ba. Ya ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, ya ci gaba da gyaran ƙotar hauyarsa.

Aka kai ta wajen liman, ta yi wanka, ta yi kalmar shahada, aka raɗa mata Zainabu. Kafin ta tashi liman ya yi mata nasiha. Ya ce danginta za su zo da daɗin baki su ja ta baya, kuma wanda ta fi so shi zai fi wuyar ƙi, to ta riƙe da kyau. Ta riƙe maganar nan fiye da yadda shi mai maganar ya yi nufi.

Aka ɗaura mata aure da Sha'aibu. Uwar mijinta, Iya Furera, mace ce mai kirki, ba zan ɗora mata abin da ba ta yi ba. Ita ta koya mata alwala da Fatiha da gajerun surori. Da azumi ya kusa ta koya mata shi ma: daga fitowar alfijir har faɗuwar rana ba ci ba sha. Nan ta tsaya. Sauran bayanin ba ta yi ba, don yin sa sai an ambaci ciki, Tala kuwa a lokacin cikin fari gare ta, ya shiga wata na bakwai.

Wanda bai san mu ba zai ce, to mene ne a ciki? Ai cikin fari a wurinmu ba a kiran sunansa. Mai shi tana ɗaure zane sama, ta yi kamar ba ta san da shi ba. Miji ba ya kallonsa gaban iyayensa. Uwar miji tana gani ta kau da kai. A gidajen da suka gaji salla kaka da kakanni, in azumi ya zo, mai ciki ta shige ɗaka ta sha ruwanta, ba ta faɗa ba, ba a tambaye ta ba, bayan ta sauka ta rama. Yarinya tun tana ƙarama take ganin uwarta na yi, ba sai an koya mata ba. Tala a ina za ta gani? A gidan Barmo?

Bisa al'ada ya kamata a ce ta tafi gida goyon ciki. Mahaifin Sha'aibu ya ce a bari sai bayan salla, ba ya son sabuwar musulma ta yi azuminta na farko a gidan da ake dafa giya. Shi ma ba mugunta ya yi ba.

Azumin shekarar ya faɗo cikin bazara. Ranar farko da hantsi, Iya Furera ta shigo ɗakin Tala da ɗan tulu cike da ruwan sanyi, ta ajiye bayan ƙofa, ta rufe da faifai, ta fita ba ta ce uffan ba. A wurinta ta gama magana. Kowace safiya haka take yi.

Tala ta dubi tulun. Jiya-jiyan nan a bakin rijiya wata ta ce, da ƙarfi don ta ji, za su ga yadda ɗiyar Barmo za ta ƙare da bazara, ita da ta tashi gindin tukunyar giya. Sai ta ɗauka gwada ta ake yi, an kawo ruwan a ga ko anniya za ta sha a ɓoye. Ta ƙudurta ko ɗigo ba zai wuce maƙogwaronta ba. Amma ruwan uwar miji ba a barinsa a banza, sai ta riƙa alwala da shi, azahar da la'asar. Da maraice Iya Furera ta ɗaga faifai ta ga ruwa ya yi ƙasa, hankalinta ya kwanta, ta ce a ranta yarinya ta gane. Sha'aibu kuwa ya ga uwarsa na shiga da tulu, ya ce an gama. In ya dawo daga Maradi ya ajiye mata dabino da sukari a kan gado, ya fita da sauri kamar wanda ya yi sata.

Haka aka tafi. Ta yi surfe, ta yi daka, ta ja guga a rijiyar nan mai zurfin tsiya. Ta ga mutane na tofar da yawu da azumi, ita ma ta ɗauka, ga yawun ciki kuma ba ya yankewa, duk ta zubar. Ta ce in rana ta take, idonta sai ya riƙa ganin duhu-duhu, ta dafa turmi har ya wuce. Da dare abincin ma ba ya zama, ta sha kunun tsamiya ya dawo. Na ce, "Gwaggo, ba ki tambayi kowa ba?" Ta ce, "In ce me? In ce ina da ciki? Ko in ce azumin ya fi ƙarfina, su ce da ma mun faɗa?" An ce matambayi ba ya ɓata, amma ita ba ta da bakin tambayar.

Bayan azumi ya raba, wata rana da tsakar rana aka ce ana sallama da ita a waje. Ta fito ta tarar da uwarta a gindin gawon da ke kallon rijiya, ƙafafu fututu da ƙura, da gora a rataye. Tun asuba ta taso daga tunga. Ta ƙi shiga gidan surukai, ta san ba a son ganinta a wannan watan.

"Inna, lafiya da ranar nan?"

"An ce mini azumin nan duka kike ɗauka."

"Duka."

Tata ta sauke gorar. Ta ce, "Na je kasuwar Cadakori wajen malamin nan da ke zama gindin tsamiya. Ni Tata na durƙusa gabansa, mutane na dariya. Na ce masa, addininku ya ce mace mai ciki ta wuni ba ruwa? Ya ce a'a, in tana tsoron abin da ke cikinta ta sha, ta rama daga baya. Sai da na sa ya maimaita. Ga fura na dama miki, gero ne da nono, ba komai a ciki."

Tala ta waiga. Mata sun saki guga suna kallo. Ga uwarta anniya, ga gora, ga rana tsaka, ga maganar liman tana yi mata amo a kunne. Ta ce a ranta, wane malami ne zai zauna yana karanta wa mai dafa giya hukuncin azumi? In ma gaskiya ne, me ya sa duk gidan musulmin nan ba wanda ya faɗa mata, sai wadda ba ta taɓa kai goshi ƙasa ba?

"Inna, ki koma gida. Bayan salla zan zo."

Tata ta matso, ta rage murya. "Yana motsi?"

Tala ta sunkuyar da kai.

Tsohuwar ta daɗe a tsaye. Daga baya ta jingine gorar a jikin gawo ta juya, ko hutawa ba ta yi ba. Da aka sha ruwa Tala ta je ta ɗauko. Furar ta yi tsami, ta shanye ta duk da haka.

Ana saura 'yan kwanaki salla, da la'asar, ta faɗi gindin turmi. Aka kira Rakiya ungozoma. Kafin magariba ta haihu, namiji, da gashinsa da faratansa, bai yi kuka ba. Aka naɗe shi a farin ƙyalle aka kai shi, ba suna.

Washegari Iya Furera ta shigo da kunu. Ta ga leɓen yarinyar duk ya tsage, ta dubi tulun bayan ƙofa, ta sake dubanta.

"Zainabu, ruwan da nake ajiye miki fa?"

"Alwala nake yi da shi, Iya."

"Ba ki taɓa sha ba?"

Tala ta yunƙura ta tashi zaune, ta ɗauka tuhumarta ake yi. "Ko sau ɗaya. Wallahi ko sau ɗaya ban sha ba."

Iya Furera ta zauna a ƙasa daɓas, kunun na zuba a zanenta ba ta kula ba. Ta ce, "Don ki sha nake kawowa. Mai ciki ai an ɗauke mata. Kowa ya san wannan."

Kowa ya sani! Duk lokacin da na zo nan raina ɓaci yake, kuma na rasa wanda zan huce a kansa. Iya Furera ta kawo ruwa. Sha'aibu ya kawo dabino. Liman ya yi nasiha. Addini kansa ya riga ya sauƙaƙa mata tun ba a haife ta ba. Gida cike da masu sonta, an rasa mutum ɗaya da zai buɗe baki, wai kunya. Guda ɗayar da ta buɗe baki kuma ita ce wadda aka ce kada ta saurara.

Aka mai da ita tunga. Tata ce ta yi mata wankan jego, ta dafa ruwa safe da yamma, ta dama kunun kanwa, kamar akwai jariri a ɗakin. Har suka gama ba ta ce mata "ai na gaya miki" ba. Wasu sun zaci daga nan Tala ba za ta dawo ba. Ta dawo, da sallarta da azuminta, ta rama kwanakin da suka kuɓuce mata. Ƙasa ta samu mulkin kai, aka yi kiɗa a Maradi, aka buɗe lakol, makarantar boko, a garin, babana Nomau ya musulunta, tungar Barmo ta watse. Tata dai a kan abinta ta mutu, Tala ta tsaya daga nesa ana rufe ta, ba ta san addu'ar da aka yarda ta yi mata ba. Allah bai sake ba ta haihuwa ba.

Ta sha tambayar mutane ko da ta sha furar nan da yaron ya rayu. Malamai suka ce ajali ne, in ya zo ba makawa. Wata ma'aikaciyar asibiti a Tibiri ta ce mata ba wanda zai iya sani, ciki kan lalace ko ba azumi. Duk ta yi musu godiya. Ba amsar da ta zauna mata, sai ta koma ga gorarta.

Shekarar da azumi ya sake zagayowa bazara, ni ce amarya a Sae Sabuwa, da cikin fari. Na san hukuncin sarai, na yi makarantar allo. Amma ina jin kunyar surukaina, sai nake ɗauka. Ran nan muna zaune a tsakar gida da uwar mijina da baƙinta, sai ga sallamar Gwaggo. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ta tsaya a kaina ta ce, "Asma'u, ciki gare ki. Sha."

Na ce, "Gwaggo, don Allah."

Ba ta gusa ba. Leɓenta a tsage. Na karɓa na sha, mata na kallo, wata na tsaki. Ta durƙusa gabana ta ce, "Yana motsi?"

Na ce, "Yana yi."

Ta ɗora tafinta a cikina ta jira. Can ya shura. Ta daɗe ba ta ɗauke hannun ba, sannan ta ce a hankali, "Nawa ma haka yake yi ranar da Inna ta zo."