Gogen Sallamar Iskoki a Filin Lakwal

A shekarata ta biyu ina karantarwa a lakwal ɗin Dogon Dutsi, makarantar boko ta garin, darakta, wani Bature mai yawan atishawa, ya ce in shirya tiyatir, wato wasan kwaikwayo, na ƙarshen shekara. Na rubuta wasa a kan shekarar da ruwa ya ƙi sauka, na kuma ƙudurta sai an ji gogen bori a ciki, irin wanda na tashi ina ji a garin uwata. Darakta ya yarda, kumandan, Baturen da ke mulkin garin, ya sa hannu a takardar izini. Na ɗauka an gama.

Ran Alhamis ba lakwal, sai na ari jaki na nufi wani ƙauye bayan dutsi, wurin wani tsoho mai goge, mutumin Lugu. Na miƙa masa takardar. Ya juya ta, ya mayar mini, ya kira ni da sunan da ake kiran malaman lakwal.

"Mushe, wagga ta Nasara ce. Mu kowane take kira ne. In na kira Doguwa ta hau ɗiyan mutane, kumandan za ya sauke ta?"

Ya ce kuma ba shi ke da iko ba, sai yayarsa, wadda ke riƙe da ɗakin iskokin gidansu.

Alhamis huɗu ina zuwa. Ta farko ba ta ko fito ba. Ta biyu na same ta tana ɓarar wake, na zauna na taya ta har azahar, ba ta ce mini komai ba sai sannu. Abokan aikina suna ta dariya, wani ya ce in sa ganga kawai, wa zai gane? Na ce uwata za ta gane.

A ta huɗu ta ce in faɗa mata wasan tun daga farko. Da na kai inda wata ɗalibata za ta faɗi kamar iska ta hau ta, tsohuwar ta ɗaga hannu.

"Ɗana, ba a kwaikwayon wannan. Cire shi."

Wurin nan ne na fi so a duk wasan. Amma na ce, "Na cire, Inna."

Ta ba ni take ɗaya tak, na sallama, wanda ake yi in iskoki za su tafi gida. Ƙanenta zai kaɗa da kansa, ba kirari, kuma a ƙasa zai zauna, ba bisa katakon da muka kafa ba.

Na sake rubuta ƙarshen wasan a kwana uku. Ranar da aka yi, da la'asar, gogen na tashi sai matan da ke bayan kujerun Turawa suka daina hira, wasu suka tuɓe takalma. Kumandan ya tafa, ya aiko gardi, dogarinsa, ya ce a maimaita. Tsohon ya riga ya sa gogensa cikin burgami.

"Gaya mishi sun tafi," in ji shi. "Ba a sallamar baƙo sau biyu."

Ni aka sa na fassara.