Autam-Maƙeri da Rediyon Kaka

Ni dai a unguwar Nima ta birnin Accra aka binne cibiyata, a wani gidan haya mai ɗaki goma sha ɗaya da famfo ɗaya tak. Wanda ya san Nima ya san irin Hausarmu. Ba ruwanmu da mace ko namiji, kowa "ya" ne. Mma ya tafi kasuwar Makola, amarya ya yi kyau, akuya ya haihu. In Hausar ta ƙare mana a tsakiyar magana sai mu ciko da Tuwi ko Turanci mu wuce abinmu. Mutum ɗaya ce a gidan nan abin ke ci wa rai, ita ce Kaka, mahaifiyar babana. Daga ƙasar Gobir aka kawo ta tana amarya, lokacin kakanmu yana aikin ɗan sanda, kuma duk daɗewarta a Ankara, kamar yadda take kiran Accra har gobe, garin bai karya mata harshe ba.

Koko da ƙosai take sayarwa da safe. In an sallame magariba sai ta jawo kurfotinta bakin ƙofar ɗaki, ta zuba gawayi, ta ɗora kaskon gyaɗa. Ba wai sanyi ake yi ba, a Accra wane sanyi? Ita dai ta ce tatsuniya ba ta zama inda babu wuta. Kafin gyaɗar ta fara ƙamshi mun kewaye ta, 'ya'yan Dagomba da na Zabarmawa da na Kotokoli, kowa da murfin kwanonsa a hannu. Ni da yayana Bashiru mu ne a gaba, tunda kakarmu ce.

"To, ga ta nan ta iso," in ji Kaka, "a ba ta wuri."

Mu kuwa sai mu haɗa baki: "Ya zauna mu ji shi!"

"Ta! Ta zauna! Tatsuniya mace ce, 'yan banza masu bakin dokunu!"

Dokunu dai tuwon masarar mutanen Accra ne. Sai mu kwashe da dariya har da faɗuwa. A wurinmu wannan "ta" ɗin ado ne na bakin tsofaffi, kamar goro. Tana shiga ta kunnen dama, kafin ta kai na hagu ta zama "ya".

Cikin tatsuniyoyinta akwai wadda ta fi maimaitawa, ta Autam-maƙeri. Haka sunan ke fita a bakinta, a haɗe. Bari in ba ku ita yadda na riƙe ta a kaina shekara da shekaru.

Wai wani maƙeri ne mai 'ya'ya bakwai. Manyan shida suna maƙera tare da shi, suna ƙera fartanya da gatari. Autan kuwa aka ce ya yi ƙanƙanta, aka ba shi aikin korar tsuntsaye a gonar gero. Tun fitowar rana yake ihu yana jifa har ta faɗi, ya kore su gabas su sauka yamma. In ya dawo gida, manya sun tashi, sai ya lallaɓa maƙera ya tsinci guntayen ƙarfen da aka zubar, ya hura ragowar wuta, yana ƙera 'yan ƙananan ƙararrawa. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ke saye. Yayyensa suna wucewa suna cewa, "Auta da wasa! Wa zai yi noma da ƙararrawa?"

A nan Kaka kan ɗauki ludayinta tana buga gefen kurfoti, ƙwal-ƙwal-ƙwal, wai ƙarar masabar Auta ke nan, mu kuma muna buga murafenmu har maƙwabta su leƙo su yi mana tsawa.

Rannan tsuntsaye suka yi gayya, suka zo kamar hadari. Gonakin gari duka suka tashi a kara. Sai gonar maƙeri kaɗai ta tsira, domin Auta ya ɗaura igiya daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya rataye ƙararrawarsa a jiki, ya koma gindin tsamiya ya miƙe ƙafa. In ya ja igiya sau ɗaya da babban yatsan ƙafarsa, gona duka ta ɗauki ƙara, tsuntsaye su watse. Da gari ya waye manoma suka yi layi a ƙofar maƙera, kowa ƙararrawa yake so, manyan shida kuwa ba wanda ya iya ƙera ko ɗaya. Uban ya dubi Auta ya ce, "Bar gona, zo zauna ga uwar maƙera."

"Kun ji ko?" in ji Kaka tana raba mana gyaɗa. "Abin da hannu ke yi in ba a aike shi ba, shi ne sana'arsa. Ƙurunƙus. Kan ɓera ya yi wuyar samu a Ankara, ku yi haƙuri da kan kifi."

To, ina da shekara tara na yi wata ɓarna. Kaka tana da rediyo mai batir huɗu, wadda take kama tashoshin Hausa da ita, ta fara shaƙewa kamar mai mura. Wata rana tana wurin koko na ɗauke ta na shiga bayan tankin ruwa, na kwance ta da bakin wuƙa. Mutanen da ke magana a ciki nake son gani, don in tambaye su me ya sa suke magana irin ta Kaka. Ban ga kowa ba, sai tsatsa a mazaunin batir. Na kankare ta, na mayar da komai, amma ƙananan kusoshi biyu suka yi saura a hannuna, na rasa gurbinsu. Tsoro ya kama ni, na tura su ƙarƙashin tabarmar Kaka. Da aka kunna rediyon sai ta buɗe murya tar, har ɗaki na goma sha ɗaya ana ji.

Babana ya ce, "Wa ya taɓa rediyon nan?" Na yi tsit, ina jiran bulala. Bashiru ne ke riƙe da ita a lokacin, yana neman tashar ƙwallo. Baba ya dube shi ya yi murmushi ya ce, "Ashe muna da injiniya a gida." Shi kuma sarkin son yabo bai musa ba. A yammacin nan Kaka ta ba da tatsuniyar Autam-maƙeri, tun daga farko har ƙarshe idonta a kaina. Na ɗauka ta ga na saci gyaɗa ne, na yi maza na haɗiye ko taunawa ban gama ba.

Da Bashiru ya gama makaranta aka kai shi koyon gyara wurin Baba Isaka, mai shagon rediyo da fanka a Maamobi. Shekara uku ya yi, abin da ya koya shi ne ƙona yatsu da dalma. Rabin yininsa a wurin mai waakye, wato shinkafa da wake, ta kusa da shagon yake yi, wai yana taya ta duba wuta. Daga nan ya koma tuƙin trotro, motar haya, ta hanyar unguwar Malam, in ya dawo gida da yamma ya kori Mma, uwarmu, daga murhu ya yi mana miya. Yau in kun je Maamobi kuka ga layi ya kai bakin titi da hantsi, layin waakyen Bashiru ne. Injiniyan babana ke nan.

Ni kuwa aka kai ni koyon buga rubutu. Na samu aiki a wata maɗaba'a a Kokomlemle, ina buga katin biki da na suna da takardun jarrabawa. Shekara goma sha huɗu ina kan kujera ɗaya, ƙarƙashin fanka ɗaya, wadda ni nake gyara ta a ɓoye in ta tsaya. Aikin ba laifi, mutanen kirki ne, amma wallahi tun azahar nake fara duban agogo. In na dawo gida na yi sallah, sai in jawo wani tsohon gwangwanin biskit da nake ajiye sukudireba da filaya a ciki. Dutsen gugar wannan, bilendar waccan, tocilan mai gadi, duk a ƙofata suke kwana. Ana cewa, "A kai wa Ramatu, yana so wasa da waya." Ni ma wasa nake kiransa.

Bara waccan, ranar wata Litinin, Baba Isaka ya aiko a kira ni. Ya tsufa, ido ya yi rauni, zai koma garinsu. Ya ce, "Ramatu, fankar wata Hajiya da na ce mata ta mutu, an ce ke kika tashe ta. Ga shago, ga kayan aiki. In kina so naki ne. In ba ki so, ranar Juma'a mai sayar da katin waya zai karɓi makulli."

Kwana uku ban san ɗanɗanon abinci ba. Ina so, kai, ina so kamar in yi kuka. Amma shekarata talatin da bakwai, ga aiki a hannu mai inuwa, ga bakin mutanen Nima. A duk Maamobi ban taɓa ganin mace zaune a shagon gyara ba. Na yanke a raina ranar Juma'a zan je in yi wa tsohon godiya in ce a ba mai kati.

Ranar Alhamis bayan magariba na je gaida Kaka. Ta daina koko tuntuni, haƙora sun yi saura huɗu, amma kurfotin nan yana nan. Yaran gidan na yanzu suka kewaye ta suna roƙon tatsuniya, ta ce ƙirjinta ba ya ɗauka, "Ga ƙawata nan, ta ba ku." Na gyara zama na ɗauko ta Autam-maƙeri, tunda ita na fi haddacewa.

"Wai wani maƙeri ne da 'ya'yansa maza bakwai. Ƙaramin yaron..."

"Mi kika ce?" Kaka ta ɗago kai.

"Na ce ƙaramin yaron, Auta..."

"Wane yaro? Yaron wa? Ke, ɗiya ce! Maza shida, ta bakwai ɗiya!"

"Kaka, Autam-maƙeri fa."

"Ita fa! Auta ba ta zama mace? Ta tsinci ƙarfe, ta hura wuta, ta ja igiya. Ta, ta, ta! Shekara nawa ina faɗin ta?"

Na shiga jujjuya tatsuniyar a kaina da muryarta, ba da tawa ba, sai ga "ta" ɗin nan suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, a inda suke tun fil azal. Ashe ni ce na yi ta canza wa yarinyar mutane zane ina sa mata wando.

"La ilaha illallahu," in ji Kaka, ta kama haɓa. "Na gaya wa ubanki ke kika gyara rediyo, ya ce mace da sukudireba sai ka ce a mafarki. Na ce to, bari in bi ta tatsuniya, yarinyar tana da wayo, za ta gane. Na buga ludayi har ya lanƙwashe! Ina kallonki, kina haɗiyar gyaɗa kamar kaza!"

Dariya ta kama ta har da tari, ni ma ina yi hawaye na zuba, yara suna kallonmu ba su san dalili ba. Da ta lafa na ba ta labarin Baba Isaka da maganar Juma'a. Ba ta ce in karɓa ba, ba ta ce in bari ba. Cewa ta yi, "Ni na gama nawa tun kina shekara tara. Kunne ne naki ya makara."

Da sassafe kafin mai kati ya karya kumallo ina ƙofar shagon. A maɗaba'a na ba su wata guda suka sami wata a madadina. Maigidan ya ce abin da ya fi damunsa shi ne wa zai riƙa gyara musu fanka, ashe ya sani duk shekarun nan. Mutanen Nima kuwa sun yi maganarsu ta mako biyu, daga nan suka fara kawo dutsen guga.

Ranar da na buɗe, Bashiru ya rufe tukunyarsa ya ɗauko Kaka a tasi. Ta shigo tana dogara sanda, rungume da tsohuwar rediyon nan da ta yi shekaru ba ta ce uffan ba. Ta ɗora ta a kan tebur. Sannan ta kwance bakin zanenta ta fito da wani ɗan gwangwanin man zafi, ta buɗe, ta juye a tafin hannuna. Ƙananan kusoshi biyu ne, sun yi baƙi.

"Ga ragowar aikinki," ta ce. "Ba a buɗe sabon shago da tsohon aiki a rataye."

Na kwance rediyon a gabanta. Gurbinsu yana nan a bayan lasifika, inda idon 'yar shekara tara bai kai ba. Na ɗaure su, na canza waya ɗaya, muka sa batir, sai ga wani mutum yana karanta labarai da irin Hausar Kaka. Ta gyaɗa kai ta ce, "Ka ji masu magana."

Da ina tsammanin darasin tatsuniyar shi ne wanda take faɗa a ƙarshe, na hannu da abin da yake yi in ba a aike shi ba. Wannan gaskiya ne, ga ni ga Bashiru. Amma yanzu in ina zaune ina narka dalma, abin da ya fi dawo mini shi ne an yi shekaru ana kiran sunana a gaban wuta, ni kuma ina waige ina neman wanda ake kira. Ban yi fushi da Hausarmu ta Nima ba, ita ce bakina, da ita nake ciniki da ita nake faɗa. Sai dai jiya wata 'yar maƙwabta ta tsaya a ƙofar shago, ta daɗe tana kallon hannuna, sannan ta ruga tana kiran uwarta: "Mma, zo ka gani, Anti Ramatu ya iya gyara sosai paa!"

Na ajiye filaya na leƙa waje na ƙwala mata kira.

"Ke, dawo nan! Ta iya. Ce ta."