Hantar Attahiru Mahauci

A kasuwar Gusau ta wajejen 1954 babu mahaucin da ya san hanta kamar Attahiru, mutumin Bungudu. Da ya danna ta da babban yatsa, hukunci ya ƙare. In ya ji ta da tauri ko gudaji-gudaji, sai ya yamutsa fuska, ya tofar da yawu, ya ce a kai juji a binne. Ko yanka ɗaya bai taɓa bari an sayar wa mutane ba. Wannan tsantsenin ne ya burge Wasila har ta aure shi.

Abin da ba a gaya mata ba shi ne inda yake nufa in an tashi kasuwa. Sabon Gari yake miƙewa, ya durƙusa gaban ƙwaryar burkutu, ba ya tashi sai ya ga gindinta. Wasila ke wanke rigunan: jini, kitse, amai, da tsamin nan mai tayar da zuciya. Shekara goma sha ɗaya tana wanki tana kau da kai. Mai ƙyamar ruɓaɓɓen nama, shi ke shigo mata ɗaki yana wari kamar kwatami. Tir da wannan hali.

Da cikinsa ya fara tasowa, dangi daga Bungudu har barka suka yi masa, wai tumbin arziki ne. Wane irin arziki, hannuwa kamar sillen kara? Idanu suka yi ɗorawa, aka ce shawara ce, aka jiƙa saiwar rawaya. Wani wanzami a Tsafe ya yi masa ƙaho har sau uku. Kowa na kawo magani, ba mai ambaton ƙwarya. Sau ɗaya Wasila ta ambata, surukarta ta ce, "Ke, yi muna shiru. Sammu na."

Da ƙyar Wasila ta ja shi asibiti. Malamin asibitin, wani dattijo, ya kwantar da shi, ya lallatsa cikin, sannan ya kamo hannun Attahiru ya ɗora ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama.

"Malam Attahiru, giya ta mai da hantarka haka. In ka bari yau, wataƙila ka ga wata damina. Kai mahauci na, ja numfashi ka danna. Wagga hanta, kana sayenta?"

Ya danna. Wasila ta ga fuskarsa ta yamutse, yadda take yi a kasuwa.

"Ko kare ba ni ba shi ita," in ji shi.

Ta ji sanyi a ranta, ta ɗauka an rabu ke nan. Kwana tara ya yi bai leƙa Sabon Gari ba. Ran na goma, bayan la'asar, ya ɗauki hula. Ta tare ƙofa.

"Maigida, da hannunka fa ka taɓa."

"Abin da ya ruɓe ya ruɓe, Wasila. Ba ni hanya."

Ta ba shi. Ba a kai ga shukar gero ba aka binne shi. Wasila ta sake aure a Tsafe, ta tsufa a can, amma ko a miyar biki ta tsinci hanta, sai ta ture kwanon.