A cire mata jinin Tibiri

Shekara bakwai na yi ina zagin mutanen Tibiri a kan ciwon jikata. Yarinyar tana da emasi, amosanin jini, kuma tun ran da aka faɗa mana na yanke hukunci: daga gidan ubanta ne. Ni da nake zaɓen irin tumatir a fadamar Jiratawa tun ina budurwa, wa zai koya mini gane mugun iri? Ko kunyar surukuta ban ji ba. A gaban mata wajen wani suna na ce wa uwar surukina sun lalata mana jini. Ta ɗauki mayafinta ta tafi, ba ta sake taka gidanmu na Sabon Gari ba. Yarinya tana kwance tana kiran kakarta ta Tibiri, ni ina cewa ta sha kunu.

Na shiga yaƙi da jahilci da furfura a kaina, kuma daga ran da na iya karanta takardar magani sai na ɗauki kaina rabin lokotoro. To sai na ji a rediyo wai a ƙasashen waje an fara gyara ciwon daga tushe. Washegari na ja yarinya sai asibiti.

"Lokotoro, na zo a cire mata jinin Tibiri."

Ya ajiye biro. "Inna, a yi me?"

"Kada ka raina ni, na yi lakwal, na iya karatun boko. A bar mata namu, a fid da nasu."

Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce a cikin jikin kowa akwai rubutu na gado, ƙanana ƙwarai, shi ke gaya wa jiki yadda zai ƙera jini. A mai emasi harafi ɗaya ne ya kauce, sai ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje ta toshe hanya. Can waje ana ɗebo ƙwayoyi masu haifar jini daga ɓargo, a gyara rubutun, a mayar. Aiki ne mai wuya da haɗari, kuma bai iso nan ba tukuna.

Ina ta gyaɗa kai, don ni ma na sha goge harafi a allo.

"Amma Inna," ya ce, "rubutun kwafi biyu ne. Ciwon ba ya kama yaro sai ya samu kuskuren daga uba, ya kuma samu daga uwa."

"Uwar ai ɗiyata ce fa."

"Ita ma wani ya ba ta."

Nan take na ɗora wa marigayi mijina, tunda ba ya nan balle ya musa. Don in tabbatar, na miƙa hannu aka ɗebi jinina. Da takarda ta fito ba wanda ya karanta mini. Da ilimina na karanta, sau uku, ko za ta canja.

Na cika kwando da tumatir na shiga motar Tibiri. Na tarar da uwar surukina tana tankaɗe.

"Lafiya, Hajiya?"

"Rabin nawa ne," na ce, na miƙa mata takardar.

Ta juya ta sama da ƙasa. "Ni ban yi lakwal ba. Faɗi da baki, da ƙarfi, yadda kika faɗi wancan."

Ta kira maƙwabta. Na faɗa. Sannan ta wanke hannu, ta tambayi ko yarinyar tana son fura har yanzu, ta ɗauko mayafinta.