Mai Tallar Magani a Bencin Asibiti

Tana zaune cikinmu a bencin jiran likita, sai dai ita ba kati a hannunta, jakar kwalabe ce a cinyarta. Takalminta ya cinye ta gefe guda. Masu fitowa da fara'a ba ta ko kallonsu. Wani tsoho ya fito kansa a ƙasa, ta miƙe da murmushi.

"Sannu Baba. Suga ne? Wannan kwalbar ce ta tashi mahaifina."

"Allah, 'yata?"

"Wallahi."

Ya saya, ya ninke takardar likita ya cusa a aljihu. Ta juyo, murmushin ya mutu. Wataƙila akwai yara a gida. Wataƙila akwai mahaifin ma. Matsawa na yi, ta zauna.