Waƙar da Aka Yanke wa Sunaye

Ina iya manta lambar wayata, amma ban taɓa mantawa da ranar da Hajiya Ramatu ta faɗo situdiyonmu na unguwar Nima da takalmi ɗaya a hannu ba. Ku sababbin shiga aikin nan, ku matso ku ji.

A lokacin ni ne babban mai haɗa sauti. Hajiya Ramatu kuwa zabiya ce a unguwar Maamobi, wadda in ba ta buɗe baki ba, biki bai fara ba. 'Ya'yan ƙawayenta da ke Turai suka matsa mata a ɗora waƙarta a manhajar sauraron waƙoƙi. Bayan ƙaramar Sallah ta zo da 'yan amshi da ƙwaryarsu, muka ɗauka. Minti arba'in da uku! Wallahi kafin ta kai ƙarshe furfura biyu ta fito mini.

Ga yadda aikin yake: a ɗauki murya, a gyara, a aika. To, su masu manhajar gajeriyar waƙa suka fi so, don masu sauraronsu da sun ji abu ya yi tsawo sai su tsallake. Muna da wata na'ura mai ƙirƙirarriyar basira, wadda ke sauraron waƙa ta tsamo wurin da ya fi daɗi. Na miƙa mata, na tafi cin waakye, wato shinkafa da wake. Kafin in dawo ta mai da waƙar minti uku, sumul. Amshi kawai na saurara, na ce madalla, na aika.

Abin da na manta shi ne, waƙar Hajiya sunaye ce. Mata ashirin da bakwai ta yaba, kowacce da kakanninta da garinsu na asali, daga Bakanuwa zuwa Bazabarmiya da 'yar ƙabilar Kotokoli. Na'ura ta ɗauka maimaici ne, ta share. Suna ɗaya tak ya tsira, na Meri mai sayar da atamfa a kasuwar Circle, don ya faɗo kusa da amshi.

Kwana uku da fitar waƙar, sai ga Hajiya.

"Musa! Me na yi wa uwarka?"

"Mma, zauna ki sha ruwa."

"Ba na sha! Fati, aminiyata tun muna wasan ƙasa, na gaishe ta jiya, ta ce in je Meri ta amsa. Ranar Lahadi bikin jikarta, kuma ta ce wata zabiyar za ta kira."

"Mma, ba ni ba ne, na'ura ce."

"'Yar gidan wa ce? Ta taɓa zuwa suna? Kira min ita!"

Na nuna mata kwamfuta. Ta dube ta sama da ƙasa, ta sauke takalmin, ta ce, "Allah sarki, wannan marainiya ce, ba wanda ya koya mata. To kai fa, da aka haifa a unguwar Zongo, cikin jama'a?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na ɗauko asalin ɗaukar, na ce za mu raba ta ashirin da bakwai, kowace mace da waƙarta da amshinta, sunanta a sama. Hajiya ta yarda. Sai na tambaya, "Wa za mu sa a farko?" Na san in na kuskure a nan, sai dai in yi ƙaura zuwa can unguwar Malam.

Ta ce, "Fara da mutum huɗun da suka rasu. Su ba sa gardama, kuma ba mai jin haushinsu. Sai Fati."

"Meri fa?"

"Meri ta yi kwana uku tana sarauta ita kaɗai. Ta koma ƙarshe ta huta."

Ranar Lahadi Hajiya Ramatu ce ta yi waƙa a bikin. Hajiya Fati kuwa, ba wanda ba ta kunna wa tata waƙar ba; an ce har direban motar haya ta trotro sai da ta sa ya kashe rediyonsa.

Don haka ku yi aiki da na'ura, tana da sauri, ba ta gajiya. Amma ita daɗin sauti take nema, mutanenmu kuwa kunnensu na jiran a ambaci kakarsu. Kafin ku yanke ko daƙiƙa ɗaya, ku saurara tukuna, ku ji ko 'yar wa ce a wurin.