Ranar da na zubar da ruwan zir

Ko na tsufa na fara manta sunayen jikokina, ba na jin safiyar nan za ta fita daga raina. Lokacin ina aiki a ƙaramin asibitin ƙauyenmu, wanda muke kira shafahana, can kusa da Abu Hujar. Mu biyu ne kawai, ni da hakim, wato jami'in da ke duba marasa lafiya. Damina ce, ruwa ya cika hanyoyi, kuma ana ta raɗe-raɗin amai da gudawa sun ɓulla a ƙauyukan bakin kogi.

Ranar rigakafin yara ce, rumfar asibitin ta cika da mata da goyo. Ina cikin auna wata jaririya sai ga keken jaki ya tsaya a ƙofa. Kawuna ne kwance a kai, idanunsa sun faɗa, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Matarsa na riƙe da kansa. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyata, Inna nake ce mata, kuma ban taɓa ɗaga mata murya ba.

Hakim na ganinsa ya ce mini a hankali, "Cutar nan ce. Kai shi ɗakin baya, kada kowa ya biyo."

Muka sa safar hannu muka kinkime shi. Hakim ya shiga neman jijiya don ƙarin ruwa, ni kuma na fito ɗauko bokitin ruwan kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta. Inna ta nufi zir, babban tulun da kowa ke sha a rumfar. Da hannun nan da ta yi ta share wa Kawu jiki tun asuba ta ɗauki moɗa, ta zurma har wuyan hannu, ta sha, ta ajiye.

Na gani da idona. Na san abin da ya kamata in faɗa. Amma bakina ya yi nauyi. Yaya zan ce wa Inna hannunta na da ƙazanta a gaban matan gari? Na ce a raina bari in kai bokitin tukuna, in dawo in ja ta gefe. Har yau idan na tuna wannan "tukuna" sai in yi da-na-sani.

Kafin in juyo, wata maƙwabciyarmu mai tsohon ciki ta ɗebi ruwan ta kafa kai.

Ban san lokacin da na yi tsawa ba. "Ajiye! Kada wadda ta ƙara taɓa zir ɗin nan!" Na fizge moɗar, amma ta riga ta haɗiye. Na ture tulun, ya faɗi ya fashe, na bi wurin da ruwan kulorin. Yara suka ɓarke da kuka.

Inna ta dube ni. "Ɗiyata, mi kika yi haka? Don na sha ruwa?"

"Inna, ki gafarce ni. Miƙo hannunki."

"Ni za ki wanke wa hannu gaban mutane?"

"Ke, Inna. Yanzu."

Ta miƙo, tana hawaye. Na wanke mata da sabulu har gwiwar hannu. Sannan na jera matan, kowace ta wanke nata da na ɗanta, na sallame su ta ƙofar gefe. Mai cikin na tsayar, na gaya mata gaskiya, na ba ta ƙunshin gishiri da sukari na haɗa ruwan sha, na ce da zarar ta fara gudawa a kira ni.

Kwana biyu ban iya cin abinci ba. Ina goge gadon Kawu, ina jiƙa tufafinsa a kulorin, amma kunnena na ƙofa. A rana ta uku da hantsi mijin mai cikin nan ya zo a guje. Da na isa ta riga ta galabaita. Muka sa mata ruwa, muka samu mota ta ratsa laka ta kai ta asibitin Abu Hujar, ina zaune a gefenta riƙe da ledar ruwan, ina ta addu'a kada cikin ya taɓu.

Allah Ya yi da sauran kwana. Ta tashi, bayan makonni ta haifi ɗiya lafiyayya. Kawu ma ya warke. Sauran matan ba wadda ta kamu. Inna ta yi wata ba ta amsa gaisuwata da kyau, daga baya ta huce.

Hakim ya ce ba wanda zai iya tabbatar da cewa ruwan nan ne ya kwantar da matar, tunda cutar na gari. Wataƙila. Ni dai na san na gani kuma na yi shiru. Tun daga ranar na gane cewa a wurin aikinmu kunya na iya kashe mutum. Ko wane ne, in na ga abin da zai cuci wani, a take nake faɗa, in ya so in ba da haƙuri daga baya.